Falle Ɗaya ko Ciki da Falo

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zaune wajen mai shayin nan na bayan kasuwar Souq Waqif, ɗayanku da yake gyaran mota a unguwar masana'antu ta Sanaiya ya ce wai ni ba aiki nake yi ba, zama nake yi cikin sanyin esi ana biyana. Wai duk sana'ata tambaya ɗaya ce: falle ɗaya kuke so ko ciki da falo? Kuka yi ta dariya har da mai buga tebur. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da samosa. To yau na haɗiye, sai ku ba ni kunnuwanku.

Ban musa ba, a esi nake wuni. Ku kuna kwance ƙarƙashin mota a watan da ko ƙadangare ba ya leƙowa waje, ni ina tsaye da farar riga a bayan kantar karɓar baƙi. Ta wannan fuskar kun fi ni shan wuya, kuma ba na neman mu yi musanya. Amma tambayar nan da kuka raina, na ga ta hana magidanci cin abinci, na ga ta sa tsohuwa ta riƙe tari a ƙirjinta har gari ya waye.

Bari in fara gaya muku irin gidan da nake aiki, don na lura wasunku otal suke zato. Bene ne mai hawa da yawa a bakin ruwa a garin Wakrah, ɗakunan hutu na iyali. Tsarinsa kamar adashi ne, amma na ɗaki. Iyali za su sayi damar zama na wani lokaci a kowace shekara; idan kwasarsu ta zo su shigo su zauna, su fita, wasu su shigo. Ɗakunan iri biyu ne. Akwai falle ɗaya, wanda a wurin aiki muke ce wa sutudiyo: gado, kujera, ɗan kicin manne da bango, duk a wuri guda, banɗaki ne kawai yake da ƙofa. Akwai kuma ciki da falo, inda uwar ɗaki take da ƙofarta, falo kuma yake da kujerar da ake warewa ta zama gado. Abin da zai ba ka mako ɗaya a ciki da falo, shi zai ba ka mako biyu a falle ɗaya. Nan mutane suke rikicewa, nan ni kuma nake samun abincina.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne ɗan Sudan, Ustaz Usman. Kakanninsa daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Don haka yana jin Hausa, irin wadda kakata take yi a Zariya. A lokacin ɗaukar jakunkunan baƙi nake yi daga ƙofa zuwa lif. Ranar da ya ce in dawo kanta wurinsa, na zo da sabon biro a aljihu ina jiran a zaunar da ni gaban kwamfuta. Sai ya miƙo mini albasa da mai da kasko.

Ya kai ni wani falle ɗaya da ba kowa, ya rufe taga, ya ce in soya albasar har ta yi ja. Na soya. Ya ce in kashe wuta in hau gado in kifa fuskata a filo.

"Me ka ji, Garba?"

Na ce, "Albasa, Ustaz."

Ya ce, "To duk ranar da mutum ya ce maka iyalinsa za su riƙa girki safe da yamma, kuma falle ɗaya yake so, ka tuna da filon nan."

Bai ƙyale ni ba. Ya sa na ware kujerar ta zama gado, ya ce in buɗe firji. Ƙofar firjin ta daki ƙafar gadon, ta tsaya a rabi. Ya ce in kwanta. Na kwanta, shi kuma ya tattare jallabiyarsa ya tsallake ni ya shiga banɗaki, ya fito ya sake tsallake ni. Da nauyinsa da shekarunsa ya yi wannan, fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce haka kowane mai fitsarin dare zai yi wa wanda ya kwana a nan, sai in san wanda zan ba wa wurin.

Kayan aikina ba su kai naku yawa ba, kuma ba sa ɓata hannu. Akwai katin da yake buɗe kowane ɗaki. Akwai tef ɗin awo. Akwai wani ƙaton akwati da ba komai a cikinsa, da gadon jariri mai naɗewa, waɗanda na gada daga Ustaz. Duk wanda zan nuna wa ɗaki, da su nake hawa. Ɗakin da ba kaya a ciki girma yake yi wa ido, mutum ya shiga ya ware hannu ya ce ai wannan fili ne. Sai in ajiye akwatin a buɗe, in kafa gadon jaririn, in ce masa, "Bismillah, ga alƙibla can, nemi inda za ka shimfiɗa darduma." A nan ake fara magana ta gaskiya.

Sauran aikin kunne ne. Dole in san wa yake minshari, wa yake tashi da asuba ya kunna wuta, wa ba ya barci sai ya ga ƙarshen ƙwallo, wa ba ya iya canza riga idan akwai ido. Ba a tambayar magidanci kai tsaye ko yana minshari, ba a taɓa samun wanda ya amsa ba. Matarsa ake kallo lokacin da yake cewa barcinsa ba sauti. Idan akwai yara kuma an huta, su za su faɗa tun ba a tambaye su ba.

Kada kuma ku ɗauka ciki da falo ne kullum ya fi. Na taɓa ba wasu ango da amarya, suka yi makonsu suka tafi, mai shara ta ce ko matashin kujerar falon ba a gusar ba. Da sun ɗauki falle ɗaya da sun ƙara mako. Akwai kuma wani tsoho ɗan Indiya da matarsa, su biyu rak, amma ciki da falo suke ɗauka duk shekara, kuma ita ce take zuwa ta tabbatar. Sau ɗaya na wuce ta ƙofarsu da rana yana ƙailula, ban sake tambayar dalili ba.

Aikin da na fi tunawa shi ne na Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Pankshin. A gidan ma'aikatan asibiti take zaune, inda ba a kawo iyali. Mijinta da yaranta biyu suna gida Najeriya. Ta zo mini da yamma, kayan aiki a jikinta, ta dafa kantar da nake tsaye.

"Malam Garba, falle ɗaya nake so, mako biyu. Na riga na yanke."

Na ce to, amma mu hau ta gani. Na ja akwatina muka hau, na ware kujera, na nuna mata firji. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ka san mu nawa muka tashi a ɗaki ɗaya a gidanmu? Shekara guda ban ga yarana ba. Kana so in mayar da mako biyu ya koma ɗaya saboda ƙofa?"

Maganarta da nauyi, kuma yaran ƙanana ne, dokar gida ta yarda. Har na fara naɗe kujerar sai ta ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci, wataƙila mahaifiyarta ta biyo su idan bizarta ta fito.

Na tsaya. Na ce, "Sista, Mama da surukinta a ɗaki ɗaya?"

Ta ce, "Ɗanladi ai ɗanta ne. Ba wani abu."

Na faɗa mata abin da na hango, sau ɗaya, a hankali. Ba ta canza ba, ni kuma ban matsa ba. Kuɗinta ne, yaranta ne.

Biza ta fito. Suka iso, mijinta Malam Ɗanladi dogo, malamin makarantar sakandare, mai magana ƙasa-ƙasa. Mama Saratu 'yar ƙaramar tsohuwa da ƙullin kuka da daddawa a jaka. Sai Bulus da ƙanwarsa Talatu, waɗanda suka hau lif suka sauka har sai da na roƙe su. Washegari da na zo aiki da sassafe, na tarar da Ɗanladi a falon karɓar baƙi na ƙasa, ya sha wanka, riga a cikin wando, takalmi a ɗaure, yana karanta takardar da take bayanin abin da za a yi idan gobara ta tashi. Na ce ko lafiya. Ya ce lafiya lau, iska yake sha. A cikin gini, ƙofa a rufe.

Sannu a hankali na gane yadda ake ciki. A banɗaki yake canza kaya. Da dogon wando da riga yake kwana, a gefen kujera, fuska a bango. Ba ya iya cin abinci ya ƙoshi a gaban surukarsa, sai ya ɗan taɓa ya ce alhamdu, ya sauko ya sayi burodi. Kafin mako ya cika ya san sunan duk ma'aikatanmu, ya taya mai ban ruwan fulawa aiki, ya san jiragen kamun kifin da suke tashar Wakrah da masu su.

Ita ma Mama ba ta tsira ba. Wata rana da hantsi ta sauko tana dafa bango, ta ce, "Garba ɗana, akwai inda zan ɗan miƙe ƙafa in yi tari son raina? Ba na so in tashi baban yaran nan." Na nuna mata kujera mai laushi a kusurwa. Sai da ta zauna ta ɗaga kai ta hango shi a ɗaya kusurwar. Ya miƙe ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Haka suka wuni, kowa ya bar wa ɗan'uwansa ɗaki, ɗakin kuma yana sama, Sista da yaranta suna ta birgima a gado suna kallon talabijin.

Na duba ko akwai ciki da falo da zan mayar da su, babu, lokacin cika ne. Ranar da za su tafi Ɗanladi ya jira matarsa ta yi gaba da yara, ya matso kanta ya ce, "Malam Garba, baɗi idan Allah ya kai mu, ko kwana nawa ne, a ba mu mai ƙofa." Ashe Sista ta jiyo shi. Da ta dawo sabunta takardunta, ciki da falo ta zaɓa.

Baɗin nan ita ce muguwar shekara. Sun zo, na sa su a hawa na sama mai kallon teku, mata da miji a ciki, Mama da jikoki a falo. Ban ga Ɗanladi a ƙasa ba ko sau ɗaya, har mai ban ruwan fulawa yana cigiyarsa. Makonsu bai ƙare ba korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya. Masu makonni na gaba ba su iya zuwa ba, waɗanda suke ciki ba su iya fita ba. Gidan da a da sai ka jira lif ya zama kana jin takunka. Aka tura yawancin ma'aikata hutun da ba wanda ya san ƙarshensa. Ustaz Usman ya riga ya koma Sudan kafin nan. Ni da nake taƙama da farar riga na koma ɗaukar jaka, na ƙara da shara da kwasar bola da goge hannun ƙofa. Manajarmu, wata Balarabiya mai tsanani amma mai adalci, ta ce iyalan da suka maƙale su ci gaba da zama, tun da ba mai zuwa ya karɓi ɗakin.

Sista Rifkatu kuwa asibiti ya kira ta, aka sa ta a ɓangaren masu cutar. Daga ranar ta daina hawa sama. Ta ce ba za ta ɗauko abin da zai kashe mata uwa ta kawo har gado ba. Idan ta tashi aiki sai ta zo ta tsaya a ƙasa saitin ɗakinsu, ta kira waya, yara su fito baranda su ɗaga mata hannu. Daga can sama ba sa ganin fuskarta, sai dai farin kaya. Ta ɗan tsaya ta juya ta koma gidan ma'aikata. Iyalin da take jira shekara guda suna gari ɗaya da ita, amma kamar suna Pankshin.

Wata safiya Ɗanladi ya sauko da takunkumi a fuska, ya tsaya nesa da kanta.

"Malam Garba, yarinyar nan ta daina cin abinci. Tana cewa mamanta ta zo ƙasa ta ƙi hawowa, wai fushi take yi da ita. Mama kuma ba ta barci, jininta ya hau. Ban san abin da zan yi ba."

Na ce ya ba ni zuwa azahar.

A hawa na biyu, can ƙarshen layi, akwai wani falle ɗaya da ba mai so. Wajen ajiye motoci yake kallo, kuma barandarsa manne take da ta wani ciki da falo, gilashi ne kawai a tsakani, wanda ya haura kan mutum. Duk wanda muka ba sai ya kawo ƙara, wai maƙwabta suna kallonsa yana shan shayi. Na hau da tef na auna gilashin, na duba ko akwai kafa ta ƙasa. Na duba esi, kowane ɗaki da nasa, iska ba ta haɗuwa. Matakalar baya kuma a bakin ƙofar ƙaramin take faɗowa, mutum zai hau ba tare da ya taɓa lif ba.

Na je wurin manaja. Ta ce ai hawan nan rufe shi za ta yi, ta kashe wuta da ruwa, gida ba ya kawo komai. Na yi mata bayani: Sista ta zauna a ƙaramin, iyalinta a na kusa, su riƙa ganin juna ta gilashi. Ta juya biro a hannu, sannan ta ce, "Wa zai share hawan? Ba ni da mutum."

Na ce ni.

Ta ce, "Khalas. Yalla." Wato shi ke nan, je ka yi.

Sista ba ta yarda nan take ba. Ta zo da kanta ta hau ta matakalar baya, ta shafa gefen gilashin da yatsa, ta leƙa bayan esi, ta yi mini tambayoyin da ko Ustaz bai taɓa yi mini ba. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce, "To, a kawo su."

Da yammar ranar na wuce ta wajen motoci na ɗaga kai. An jingina tebur ɗaya da gilashin ta wannan gefe, wani ta wancan, kamar tebur guda aka raba. Mama ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka. Ɗanladi ya ajiye kwanon matarsa a kan kujera a bakin ƙofarta, ya ƙwanƙwasa, ya koma da baya. Talatu ta manna goshi a gilashi tana kallon uwarta. Sista ta yi loma, ta nuna mata. Yarinya ta yi tata. Haka suka cinye, loma bayan loma.

Haka aka yi watanni. Bulus yana manna littafinsa a gilashi uwar tana duba masa aikin makaranta. Idan yara suka shiga, mata da miji suka zauna hira a baranda, sai Mama ta koma falo ta ƙure muryar rediyo, tashar Larabci, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya a cikinta. Ni kuma ina share hawan kowace safiya, ina goge gilashin ta gefen yara, domin kullum da shatin hannu da na hanci a jikinsa. Ba wanda ya kamu a cikinsu. Jinin Mama ya sauka.

Da aka buɗe hanya, aka gwada Sista aka ga ba ta ɗauke da komai, ta karɓi 'yan kwanaki ta tsallaka ɗakin iyalinta. Ihun yaran har ƙasa na ji shi. A ranar ne Mama ta karɓi katin ƙaramin ɗakin, wai za ta taya 'yarta haɗa kaya. Na hau da keken jaka bayan wani lokaci, na tarar ko tsinke ba a haɗa ba. Tana zaune a tsakiyar gado ta miƙe ƙafafu, ta dafa shayi, kofi a hannu, ɗakin tsit. Ta ce in dawo an jima. Na dawo an jima, ta ce in ƙara dawowa.

Ranar tafiya duk suka taru a gaban kanta, jakunkuna a ƙofa, mota tana jira. Mama ta matso ta ɗora hannu a kan kantar.

"Garba ɗana, ƙaramin ɗakin nan, na wane ne baɗi?"

Na ce, "Ba mai so, Mama. Motoci yake kallo, ba a ganin teku."

Ta ce, "Ni ba teku na zo gani ba. Ka rubuta ni. Ni kaɗai. Su je su yi cikinsu da falonsu."

Sista ta ce, "Haba Mama, wa zai..."

"Ni zan biya," in ji Ɗanladi.

Tun da na san mutumin nan ban taɓa jin ya ɗaga murya a gaban surukarsa ba, ban kuma taɓa ganin malamin makaranta ya amsa ɗaukar nauyi da irin wannan sauri ba. Duk muka juya muna kallonsa. Ya sunkuyar da kai yana gyara hannun akwati. Mama ta dube shi sosai, ido cikin ido, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Bana ma ta zo. Ranar farko, tun kafin ta kwance kaya, ta sa na nuna mata yadda ake saka sakata ta ciki.